MAƘOGWARON IKRAMA

Shafi na 14

Da sunan Mai ba da lafiya nake buɗe shafin yau.

Na karanta sharhinku kaf. Masu cewa in raba Khaula da Jumare, ku dai ba ku da aiki sai kashe auren mutane, to ban raba ba. Ita kuma wadda ta tambaye ni me ya hana Khaula ta binciki ciwon a waya, 'yar nan, a ƙarshen shekarar 1991 muke, watan da aka kwaso gwamnati daga Legas aka sauke ta a Abuja. Wayar da ke garin a lokacin tana kan teburin manya, ɗaure da igiyarta.

Sababbin zuwa, ku matso in taƙaita muku. Jumare ƙaramin akawu ne a wata ma'aikata, ƙaurar nan ce ta kwaso shi da matarsa Khaula da ɗansu tilo Ikrama zuwa kwatas ɗin Nyanya. Ikrama ya shiga shekara ta shida, kuma tun suna Legas maƙogwaronsa ke kumbura, ya warke, ya sake kumbura. Likitan Legas ya ce a yi tiyata. Mahaifiyar Jumare kuma ta aiko daga Zariya cewa babu wata tiyata, belin da ba a cire wa yaro a satin suna ba ne yake ramuwa, a kai shi wurin wanzami. Jumare ya goyi bayan mahaifiyarsa, Khaula ta ƙi. A shafin baya mun bar miji da mata sun kwana ba mai yi wa wani magana. Da safe sai ga Jumare ya sauko, ya ce ta je ta ji ta bakin likitan Abuja, shi zai zauna da yaron, tunda dama ofishinsu har yanzu babu teburin zama.

To, mu je.

*

Asibitin cike yake da baƙin gari irinsu. Duk wanda ka taɓa a bencin nan daga Legas yake, kowa da tarinsa da ƙorafinsa. Wannan an ba shi gida babu ruwa, wancan an ba shi ofis babu kujera. Khaula ba ta sa baki ba. Ta ƙura wa ƙofar likita ido tana ta murza bakin mayafinta.

Kusa da ita Adda ce, yayarta, wadda ta ƙarasa rainonta bayan rasuwar Innarsu. Adda tana aure a wata ruga bayan Paikon Kore, jiya ta iso da ƙwaryar nono da man shanu don ta duba mai jiki. Irin matan nan ce da in ta yi magana goma a yini, to ranar an sha hira.

Da aka kira su, Dakta Thaddeus ya gane Khaula, don shi ya duba yaron makon jiya ya ba shi maganin da ya sauko da zazzaɓin. Mutumin Filato ne, Hausarsa garau, sai dai Turanci yakan leƙo ta katanga lokaci-lokaci. Ya ce a tuna masa sunan yaron.

Khaula ta sunkuyar da kai.

Adda ce ta faɗa.

Kada ku manta, Ikrama ɗan fari ne, Khaula kuwa Bafulatana ce ta gidan kara. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, in ta yi fushi kuma "wancan yaron".

Likita ya juya bayan wata takarda ya zana baki a buɗe. Ya nuna mata ɗan abin da ke reto a tsakiya, ya ce wannan shi ne beli, kuma babu ruwansa a wannan faɗan. Sai ya zana ƙululu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya ce su ne tonsil, su ne ke kumbura su tara farin abu su hana yaro haɗiyar abinci. Wanda ya yanke beli don ya warkar da su, in ji shi, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Khaula ta kalli zanen, ta kalli likita.

"To Dakta, a cire su ne ko a bari?"

"Za a iya cirewa. Za a iya bari."

"Likitan Legas ya ce a cire."

"Bai yi ƙarya ba."

"Kai kuma ka ce za a iya bari."

"Ni ma ban yi ƙarya ba, Madam."

Da za ta iya, da ta tashi ta tafi. Ta baro gida da magana biyu a kai, ta miji da ta likitan Legas, tana sa ran a rage mata ɗaya, ga shi an ƙara mata ta uku.

Ya lura da fuskarta, ya yi ɗan murmushi, ya shiga yi mata bayani a hankali. Ya ce yara da yawa ciwon yakan ja baya da kansa in sun ƙara girma. Amma in yana dawowa ba ƙaƙƙautawa shekara bayan shekara, yana hana yaro makaranta, ko yana toshe masa numfashi cikin barci, to a nan tiyata ke da amfani. Ya tambaye ta sau nawa ciwon ya tashi a bana.

Ta fara ƙirgawa da yatsu. Ya yi cikin azumi. Ya yi bayan babbar sallah. Da damina ya yi sau biyu, ko sau uku ne, ta manta. Ranar da ake loda kayansu a tirela ma kwance yake. Sai wannan na yanzu. Da ya tambaye ta ko duk da zazzaɓi suka zo, ko wasu mura ce kawai, sai lissafin ya watse mata gaba ɗaya. Uwar da ta kwana tana jiƙa tsumma tana goga wa yaro, ina ta ga ta ware wannan daga wancan?

"Yana minshari?"

"Yana yi. Amma babansa ma yana yi."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ta ce mijinta tsoron allurar barci yake, wai ana yi wa yaro ya ƙi farkawa. Likita ya girgiza kai, ya ce ba nan babban tsoronsu yake ba.

"Aikin ba ya daɗewa. Abin da muke tsoro shi ne jini. Kuma jinin maƙogwaro munafuki ne, Madam, ba ya fitowa waje ki gan shi, ciki yake komawa. That is why bayan aiki nas take zama tana kallon wuyan yaro. In ta ga yana haɗiya, yana haɗiya, alhali babu abin da yake ci ko yake sha, to ta san da matsala."

Khaula ta kai hannu ta shafa nata wuyan ba ta sani ba.

"So kafin mu yanke komai, sai na tambaye ki. A danginku ko dangin oga, akwai wanda in ya ji ciwo jininsa yake wuyar tsayawa?"

"Babu."

"Shi yaron fa? An yi masa kaciya?"

"Tukuna. Babansa ya ce sai sanyin nan ya kama sosai."

"Ya taɓa yankewa, ko haƙori ya fita?"

Ta ce haƙorinsa na farko ya fita watan jiya, kuma gaskiya jini ya ɓata matashin kai har washegari, amma ai shi ne ba ya barin wurin, sai ya yi ta tura harshe. Ta ƙara da cewa jikinsa yakan yi shatin baƙi in ya faɗi, amma fari ne, fatarsa ce ba ta ɓoye komai.

Likita ya daina murmushi. Ya ɗauki biro ya rubuta wani abu.

A nan ne kujerar Adda ta yi ƙara. Ta miƙe, ta buɗe ƙofa ta fice.

*

Khaula ta same ta a bayan ginin, ƙarƙashin wata ƙaramar bishiyar da ko inuwar kirki ba ta fara yi ba. Can gefe ma'aikata na kwaɓa siminti, injinsu na ta ruri. Adda ta tsuguna ta haɗa kai da gwiwa.

"Adda, lafiya? Kin ba ni kunya a gaban mutum."

Adda ba ta ɗago ba.

"Ko warin asibitin ne?"

Adda ta ɗago. Idanunta sun kaɗa sun yi ja, abin da Khaula ba ta taɓa gani ba, ko ranar da aka fita da gawar Inna.

"Khaula, me aka ce miki ya kashe Fatihu?"

Fatihu wan Khaula ne, shi ke bin Adda, ya rasu Khaula tana goye. Ba ta san fuskarsa ba, kuma ba a cika ambatonsa a gidansu ba.

"Hamma Fatihu? Ƙyanda."

"Wa ya gaya miki?"

"Inna. Ke ma haka kika ce."

"Haka na ce."

"To?"

"Ba ƙyanda ba ce."

Khaula ta nemi wuri ta zauna a kan wani bulo.

Adda ta fara magana, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta kallonta. Ta ce Fatihu kamar Ikrama yake lokacin, shekarunsu ɗaya. Shi ma duk sanyi wuyansa ke kumbura, ya kasa haɗiye ko fura. Shi ma aka ce beli ne. Aka kira wanzami da hantsi, ya yanke, yaro ya tofar da ɗan jini, aka ba shi garin magani. Kafin azahar ya miƙe har ya bi 'yan maruƙa bakin shinge, gida ya ɗauki murna. Da la'asar ya dawo ya kwanta a cinyar Adda, ya ce ƙishirwa yake ji. Ta ba shi ruwa, ya ce a ƙara. Leɓensa ya yi fari. Can sai ya ce zai yi amai, ta tara masa ƙwarya.

Ta tsaya.

"Ƙwaryar ta cika, Khaula. Da hannuna na riƙe ta."

Ba a kira magariba da shi ba.

Da ƙyar Khaula ta ce, to me ya sa aka ce ƙyanda?

Adda ta ce saboda ba shi ne farko ba. Ƙanin Inna ma, tun Inna na budurwa, a ɗakin kaciya ya rasu, jini ya ƙi tsayawa. Da aka binne Fatihu, Inna ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Ta ja Adda bayan ɗaki ta ce mata, in maganar nan ta fita, rugage za su ɗauka cewa matan gidansu suna haifar mazan da jininsu ba ya tsayawa, kuma daga ranar babu mai kawo saniyar sadaki ƙofarsu. A shekarar ana ƙyanda a ko'ina, sai aka jingina mata. Inna ta sa Adda ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, har Khaula.

"Har ni."

"Har ke."

"Adda, shekara shida ina riƙe da ɗa namiji."

"Na sani."

"Jiya kina zaune a ɗakina ana maganar wanzami. Kina ji. Kina dama fura."

"Ina ji. Ban runtsa ba."

"Amma kika yi shiru."

"In na faɗa a gaban mijinki, gobe magana tana Zariya. Su ce mun ɓoye musu aibi mun aura musu ke. Ni mata Allah ya ba ni zalla, na ɗauka abin ya bi Inna kabari. Kuma ina ce wa raina hannun wancan wanzamin ne ba shi da kyau. Sai da mutumin nan ya yi tambayarsa, kika kawo maganar haƙori, na ji kamar Inna ce ta dafa ni."

"Ta ce ki faɗa?"

"Ban sani ba. Na dai faɗa."

Jama'a, ni da nake rubutun nan ban san wanda zan ɗora wa laifi ba. Inna da ta rufa wa 'ya'yanta asiri har suka yi aure? Adda da ta riƙe alkawarin uwa shekara da shekaru yana cin ta? Na bar muku, ku kuka iya yanke hukunci a sharhi. Abin da na sani shi ne, Khaula ta so ta rungume yayarta, ta kuma so ta rufe ta da faɗa, ta rasa wanda za ta fara, sai kawai ta kama hannunta ta ja ta suka koma ciki.

*

Masu layi suka yi caa a kansu, wata mata na cewa ai ba Legas ba ce nan da za a riƙa tsallake mutane. Khaula ko waiwaye ba ta yi ba, ta tura ƙofa.

Adda ta maimaita labarin a tsaye, a gajarce, ranar wanka dai ba a ɓoye cibi. Dakta Thaddeus ya saurara har ta kai aya. Ya cire tabarau ya ajiye.

Ya ce akwai wani ciwon jini da ke bin dangi ta wajen uwa, mata su ɗauke shi lafiya lau, ya bayyana a 'ya'yansu maza. Ya ce bai ce shi ne ke jikin Ikrama ba, ba a sanin wannan da baki, sai an gwada, kuma gwajin sai babban asibiti, zai rubuta musu inda za su je. Mai yiwuwa a gwada a tarar babu komai.

"To tiyatar fa?" in ji Khaula.

"Ki manta da tiyata yanzu."

"Ɗazu ka ce za a iya yi."

"Ɗazu ban ji wannan ba. Ki saurare ni da kyau, Madam. Har sai result ya fito, babu tiyata, babu kaciya, babu cire haƙori. Ko allura za a yi masa, ki gaya wa mai yi tukuna. Aska ko reza kada ta kusanci jikinsa. In wuyan ya sake tashi, ki kawo shi mu ba shi magani, wannan muna iyawa da shi. Ciwon wuya zai jira mu. Jini ba ya jira."

Ta gyaɗa kai.

"Ina yaron yanzu?"

"Yana gida tare da babansa."

Tana rufe baki, safiyar yau ta dawo mata. Jumare da ya kwana yana huci, shi ne ya tashi da fara'a. Shi ya ce Adda ta raka ta, kada ta tafi ita kaɗai. Shi ya ce kada su yi gaggawa, su tsaya kasuwar Wuse ma in suna so. Kuma tana sa takalmi ta ji shi yana tambayar yaron ina hularsa ta sallah.

Mai zaman gida me zai yi da hular sallah?

Ta kalli Adda. Adda ta riga ta kai ƙofa.

*

Wanda bai san Abujar wancan lokacin ba ba zai gane ba. Tituna ne manya-manya, shimfiɗe kamar tabarma, amma motar haya sai ka yi addu'a. Da suka samu bas ɗin Nyanya, sai da kwandasta ya tsaya cika ta, yana ta kiran fasinja kamar ba gobe. Da aka tashi kuma, suka faɗa bayan tirelolin da ke kai kayan ma'aikata kwatas, gadaje da kujeru da buhunan tukwane, suna hawa tudu kamar masu ciwon baya.

Khaula ta yi ta ba kanta magana. Wataƙila masallaci zai kai shi. Wataƙila hoto za su ɗauka, tunda makarantar da za a sa shi ta nemi hoto. Jumare ba mugu ba ne, ta fi kowa sani. Shi ne mai goya yaron a kafaɗa yana zagaya ɗaki in zazzaɓi ya hana shi barci. Tsoro ne ke cin sa kamar yadda yake cin ta, ga uwa a Zariya tana aiko saƙo cewa ya zama mijin ta ce. Ba zai yi ba tare da ita ba. Ko zai yi?

Adda na gefe tana jan carbi, bakinta na motsi har suka sauka.

Ƙofar ɗakinsu da kwaɗo.

Khaula ta jijjiga kwaɗon kamar zai buɗe don tausayi. Ta leƙa ta taga. Ga kofin shayin yaron a ƙasa, bai shanye ba.

"Maman Ikrama, kin dawo?"

Lydia ce, maƙwabciyarsu, ta fito da kumfar wanki a hannu. Bagwariya ce 'yar asalin Jikwoyi, mijinta direba ne a ma'aikatar su Jumare, ita ce ta fara nuna wa Khaula inda ake ɗiban ruwa ranar da suka iso.

"Ina suka je?"

"Oga ya ari mashin na maigidana, ya ɗauki yaro. Tun kuna fita."

"Ina?"

"Jikwoyi. Ya tambaye ni gidan Surajo, na kwatanta masa."

"Wane Surajo?"

"Wanzami mana. Wannan na bayan kasuwa. Na ce ai yaro gashinsa ya taru, gara a aske masa ya ji iska." Ta dubi fuskar Khaula, ta dubi ta Adda, kumfar na ɗiga daga hannunta. "Ba aski ba ne?"



Lydia ta goge hannu a zane, ta ja ƙofarta, ta ce su zo, ta san hanyar da ta fi kusa. A bakin titin Karshi ta tare wata akori-kura mai ɗaukar doya, ta yi wa direban magana da yarensu, ya ce su hau baya. Tun a hanya take ba Khaula haƙuri, wai da ta sani da ta ce ba ta san gidan ba. Ta ce kuma Surajo ba a taɓa jin ya yi ɓarna ba, rabin yaran unguwar shi ya yi musu, Kirista da Musulmi, hannunsa da sanyi.

Adda ta ce, "Wancan ma haka aka ce."

Lydia ba ta gane ba.

*

Mashin ɗin suka fara gani, jingine da katangar ƙasa.

Khaula ba ta tuna lokacin da ta diro daga motar ba. Takalminta ɗaya ya tsinke, ta bar shi a nan. Ta faɗa zauren ko sallama babu.

Tsakar gidan shiru, sai kaji. Ƙarƙashin rumfa wani dattijo mai furfura yana wanke hannu a kwano, zabirarsa a buɗe kusa da shi. A kan benci kuma Jumare ne zaune, ya ɗora Ikrama a cinya, yaron sanye da hular sallah, ya kwantar da kai a ƙirjin ubansa.

Jumare ya gan ta ya ɗan daburce, sannan ya saki fuska, irin sakin fuskar wanda ya san ya yi laifi amma yana ganin sakamako zai wanke shi.

"Kin ga, kwantar da hankalinki. An gama."

Khaula ta ja ta tsaya.

"An gama me?"

"Ki yi haƙuri ban gaya miki ba. Na san ba za ki yarda ba, ni kuma na gaji da ganinsa yana wahala. Dubi." Ya buɗe wani ɗan ganye a tafin hannunsa ya miƙo mata. Ɗan nama ne ja, bai kai ƙwayar wake ba. "Wannan ɗan abin ne ya hana mu barci tun Legas. Babu allurar barci, babu kwanciya asibiti."

Dattijon ya ɗago yana murmushi, ya ce Hajiya ta gode wa Allah, yaron jarumi ne, kukan ma kaɗan ya yi. Ya ce in an kwana biyu ya warware, a dawo da shi a yi kaciyar gaba ɗaya a huta.

"Jini fa?" Muryar Adda ce daga bakin zaure.

"Ɗan kaɗan ya tofar, Adda," in ji Jumare. "Tun ɗazu ya tsaya. Duba ƙasa ki gani, ko ɗigo babu. Ruwa ma ya nema, na ba shi, ya ce in ƙara."

Adda ta dafa bango.

Khaula ta matso. Ba ta kalli mijinta ba, ba ta kalli ganyen ba, ba ta kalli ƙasa ba. Ta durƙusa a gaban bencin ta ɗaga haɓar yaron da yatsa biyu.

Ya buɗe ido ya dube ta. Leɓensa ya bushe. Bakinsa a rufe, babu komai a hannunsa, kofin ruwan na can gefe a kife.

Ɗan maƙogwaronsa ya hau, ya sauka.

Ta jira.

Ya sake hawa, ya sauka.

"Wai me kike kallo ne?" in ji Jumare.

Ya sake.

Shekara shida tana yi masa kara. A gaban mijinta, a gaban yayarta, a gaban baƙon dattijo, ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Ikrama."

Yaron ya zaro ido, don bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba.

Ya buɗe baki zai amsa.